Sayyid Abdurrahman al-Mahdi: marayan Umdurman da ya ajiye mashi ya ɗauki fartanya

Duk wanda ya taso daga Umbadda ya nufi cikin tsohuwar Umdurman, ya san kubbar nan mai ƙyallin azurfa da ake hangowa tun daga nesa. Yaro da babba kowa ya san sunanta, Kubbar Mahdi. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, ginin da muke gani yau ba shi ne na asali ba. Na farkon sojojin Kitchener suka rusa shi a 1898, ya zauna kufai kusan shekara hamsin, sai a 1947 wani mutum ya sake tayar da shi da kuɗin da ya samu daga noman auduga. Mutumin shi ne Sayyid Abdurrahman, ɗan Mahdin kansa, wanda bai taɓa ganin mahaifinsa ido da ido ba.

Tarihinsa ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, a cikin waɗanda suka yi masa noma har ya zama abin da ya zama, akwai kakanninmu Hausawa da Fulani da Barebari. Ta biyu, rayuwarsa ta ƙunshi tambayar da har gobe ba mu gama amsawa ba a ƙasar nan: idan jama'a suka haɗu a kan addini suka zama ƙarfi guda, ina za a kai wannan ƙarfin, fagen fama ko gona da makaranta?

Gadon da ya tarar

Mahaifinsa, Muhammad Ahmad, ya bayyana da'awar Mahdiyya ne a 1881 a tsibirin Aba da ke kan Bahar Abyad, wato Farin Nilu. A lokacin mutane sun gaji da mulkin Turkawa da Masarawa wanda ya fara tun 1821, musamman nauyin haraji da bulalar masu karɓarsa. Malamai da yawa ba su yarda cewa shi ne Mahdin da ake jira ba, kuma har yau mafi yawan Musulmi a kan haka suke. Amma talakawa sun bi shi rututu. Al-Ubayyid ta faɗi a Janairun 1883, aka hallaka rundunar Hicks a Shaikan a Nuwamban shekarar, sannan ranar 26 ga Janairun 1885 aka ci Khartum aka kashe Gordon. Wata biyar bayan haka, ranar 22 ga Yunin 1885, Mahdi ya rasu a Umdurman.

Makonni kaɗan da rasuwarsa, matarsa Makbula, 'yar gidan sarautar Darfur, ta haifi ɗa namiji aka sa masa suna Abdurrahman. Ya tashi a zamanin Khalifa Abdullahi, lokacin da Umdurman ta tashi daga ƙaramin ƙauyen bakin kogi ta zama babban birni mai kasuwa da baitulmali da masallaci mai ɗaukar dubbai. Ya haddace Alƙur'ani tun yana ƙarami. Sai dai daular da ya buɗe ido a cikinta ba ta san hutu ba. Yaƙi da Habasha, yaƙi a iyakar Masar, tawaye a cikin gida, ga kuma yunwar da har yanzu tsofaffi ke kira Sanat Sitta, wato ta shekarar 1306 bayan Hijira, wadda ta biyo bayan fari da fara da kuma kwashe manoma daga gonaki zuwa rundunoni. Daular ta kori baƙon mai mulki, wannan gaskiya ne, amma ta kasa ciyar da mutanenta.

Ranar 2 ga Satumban 1898 aka yi karon Karari, nan arewa da mu kaɗan. Ansar suka fuskanci bindigogin Maxim da igwa da masu da takubba da tsofaffin bindigogi. Kafin azahar an kashe musu mutum wajen dubu goma sha ɗaya, alhali ɓangaren Kitchener bai rasa mutum hamsin ba. Aka rusa kubba, aka tono gawar Mahdi aka jefa ƙasusuwan a kogi. Abdurrahman yana da shekara goma sha uku a duniya.

Abin bai tsaya nan ba. Iyalan Mahdi da suka miƙa wuya an zaunar da su a ƙauyen Shukkaba da ke gefen Bahar Azrak. A Agustan 1899 jita-jita ta kai wa gwamnati cewa suna shirin sake tayar da da'awa. Sojoji suka dira ƙauyen, aka yi wata shari'ar soja ta gaggawa, aka harbe Khalifa Muhammad Sharif tare da yayyen Abdurrahman biyu, Fadil da Bushra. Shi kansa yaron an ji masa ciwo a harbe-harben. A Nuwamban shekarar kuma aka kashe Khalifa Abdullahi a Umm Dibaikarat. To, ka ga yaron da ya ga wannan duka kafin ya cika sha biyar, ba wanda zai yi mamaki da ya girma da ƙudurin ramuwa.

Shekarun ƙasƙanci

Bayan Shukkaba ya zauna a Jazirat al-Fil kusa da Wad Madani, daga baya aka bar shi ya dawo Umdurman, inda ya yi karatu a gaban Shaikh Muhammad al-Badawi. Gwamnati tana ba shi fam biyar a wata, kuma idonta na kansa dare da rana. An hana karanta Ratibin Mahdi a fili, an hana taron Ansar, an hana shi amfani da laƙabin Imam. Wanda ya fi matsa masa lamba shi ne Slatin Basha, mutumin Ostiriya da ya yi shekaru a tsare a hannun Khalifa kafin ya tsere a 1895, ya dawo ya zama babban sufeton gwamnati. Slatin bai manta ba, bai kuma yafe ba.

A waɗannan shekarun ba a rasa masu ɗaukar makami da sunan Mahdiyya ba. Akwai fahimtar da ta bazu a tsakanin mabiya cewa bayan Mahdi sai Dujal, wanda suka fassara da Turawa, bayan Dujal kuma sai saukowar Annabi Isa (AS). Saboda haka kusan duk 'yan shekaru sai wani ya tashi a wani lungu ya ce shi ne, ya tara mutane, a aiko soja a murƙushe su. A 1908 Abdulkadir wad Habuba ya tayar a yankin Jazira, aka kashe wani jami'in Ingila da wani ma'amur, aka kama shi aka rataye. Can ƙasar Hausa ma haka: a Fabrairun 1906 mutanen Satiru kusa da Sakkwato suka tashi da sunan Mahdi suka ci rundunar Turawa da fari, wata guda bayan nan aka dawo aka shafe garin, aka kashe mutane wajen dubu biyu, har yau ba a sake zama a wurin ba.

Abdurrahman ya ga wannan, ya yi lissafinsa. A shekarar da aka rataye Wad Habuba, 1908, shi izinin noma ya nema, aka ba shi wani yanki a tsibirin Aba, wurin da mahaifinsa ya fara da'awa. Wasu suka ɗauka tsoro ne. Amma idan ka duba abin da ya biyo baya, za ka ga mutum ne da ya fahimci cewa duk tawayen da aka yi ƙarin marayu kawai yake haifarwa, kuma jama'ar da ba ta da abinci da kuɗi da masu ilimi ba za ta iya tsayawa gaban kowa ba.

Yaƙin duniya ya buɗe ƙofa

A 1914 yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Daular Usmaniyya ta shiga ɓangaren Jamus, Sarkin Musulmi na Istanbul ya yi kiran jihadi. Slatin, kasancewarsa ɗan ƙasar abokan gaba, ya bar aiki. Gwamna Janar Wingate ya duba ya ga cewa babu waɗanda suka ƙi jinin Turkawa a Sudan kamar Ansar, sai ya nemi taimakon ɗan Mahdi. Aka bar shi ya zaga ƙasa yana kiran mutane su zauna lafiya. Ya yi abin da aka sa shi, amma a duk inda ya sauka tsofaffin mabiyan mahaifinsa suna zuwa suna sabunta mubaya'a, shi kuma yana naɗa wakilai masu tara zakka. Turawa sun buɗe masa ƙofa don amfanin kansu, ya shiga da nasa kayan.

A 1919 yana cikin tawagar manyan Sudan da ta je Landan taya Sarki George na Biyar murnar nasara, ƙarƙashin jagorancin Sayyid Ali al-Mirghani, shugaban Khatmiyya. A can ya miƙa wa sarkin takobin da aka ce na mahaifinsa ne, alamar cewa gaba ta ƙare. Sarkin ya karɓa ya mayar masa. Har yau wannan lamari yana raba kan masu tarihi. Wasu na ganin babu wulaƙancin da ya kai ɗan Mahdi ya kai takobin ubansa fadar waɗanda suka tone kabarin uban. Wasu kuma na cewa da wannan takobin ya sayi abin da mashi ya kasa samowa a Karari, wato damar sake tara Ansar a fili. Kowanne ɓangare yana da abin kamawa.

Aba, auduga da kakanninmu

A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo akwai zancen da ya bazu a ƙasar Hausa cewa a ƙarshen zamani jama'a za ta yi ƙaura gabas, wajen kogin Nilu, ta sadu da Mahdi. Shi ya sa da labarin Muhammad Ahmad ya isa can, Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a ta wasiƙa ya kafa sansani a Balda ta ƙasar Adamawa. Da Turawa suka ci Sakkwato a Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira ya nufo gabas, aka tare shi a Burmi aka kashe shi ranar 27 ga Yulin 1903 tare da ɗaruruwan mutane. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar suka iso Sudan, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Bayan waɗannan ga kuma alhazan ƙasa, masu tafiya Makka da ƙafa ta Borno da Wadai da Darfur da al-Ubayyid, suna tsayawa su yi aiki shekara ɗaya ko biyu ko goma don su tara guzuri. Hanyarsu ta ratsa Kosti, kuma Aba tana nan arewa da Kosti kaɗan.

Sayyid Abdurrahman ya fara da kwangilar itace, yana sayar wa gwamnati makamashin jiragen ruwa, daga baya ya samu kwangila a aikin madatsar ruwan Sinnar da aka gama a 1925. Daga nan ya shiga noman auduga da injinan ban ruwa a Aba da sauran gaɓar Bahar Abyad. Kafin shekarun 1930 su ƙare yana noma dubban fadan, ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a ƙasar. Wa ya sare dajin, wa ya haƙa magudanan ruwan, wa ya tsinci audugar? Mafi yawansu mutanen yamma ne: Baggara da sauran ƙabilun Kurdufan da Darfur, da kuma waɗanda ake kira Fallata ko Takari, wato mu. Ana kiran su muhajirai. Da yawansu ba albashi suke karɓa ba. Abinci ne da sutura da wurin kwana, a yi wa saurayi aure idan lokaci ya yi, a yi sallah tare a karanta Ratibi safe da yamma. Su a wajensu aikin ibada ne, neman albarka ne a gonar ɗan Mahdi.

Ya kamata mu kalli wannan da ido biyu. Ta wani gefen, mutumin da ya baro garinsu ba shi da kowa, ya samu jama'a da abinci da kariya da mutunci a Aba, a lokacin da babu wata hukuma da ta damu da shi. Kuzarin da a Satiru ya kai mutane ga halaka, a Aba ya zama gonaki da rumbuna. Ta ɗaya gefen kuma, dukiyar da wannan gumi ya tara sunan gida ɗaya ta ɗauka. Gonakin na da'irar Mahdi ne, kuma 'ya'yan da aka tura Kwalejin Gordon da jami'o'in waje galibi ba 'ya'yan masu tsintar auduga ba ne. Mai faɗin ɗaya ya ɓoye ɗaya bai yi wa tarihi adalci ba.

Turawa fa hankalinsu bai kwanta ba. A Satumban 1921 Faki Abdullahi al-Suhaini ya kai hari Nyala da dubban mutane, aka kashe jami'an Ingila biyu, aka kashe ɗaruruwa daga maharan. Ba a samu hannun Sayyid a ciki ba, amma zargi ya faɗa kan wakilansa na yamma. Ga kuma dubban mutane da ke tururuwa zuwa Aba lokacin idi, wasunsu suna raɗe-raɗin cewa shi ne Annabi Isa da ake jira, maganar da ya fito ya musanta. A Najeriya ma an shiga fargaba. Malam Sa'idu ɗan Hayatu, wanda ya kafa garin Dumbulwa a ƙasar Fika kuma yake musayar wasiƙu da Sayyid, an kama shi a 1923 aka kai shi Buea ta Kamaru, ya yi shekaru da dama a tsare ba tare da ya ɗaga ko sanda ba. Har jami'i guda, Lethem, gwamnatin Najeriya ta turo ya bi hanyar alhazai ya binciki yadda Mahdiyya ke tafiya tsakanin ƙasashen biyu. A ƙarshe gwamnatin Khartum ta ɗauki matakai biyu masu karo da juna: ta taƙaita ziyarar Aba da yawon wakilansa, amma ta ci gaba da ba shi filaye da rance, bisa tunanin cewa mai gonar auduga ba zai so tashin hankali ba. Lissafin nasu ya yi daidai ta wannan fuskar. Abin da ba su hango ba shi ne inda zai kai kuɗin.

Daga gona zuwa jarida da jam'iyya

Tun 1919 yana da hannu a jaridar Hadarat al-Sudan, a 1935 kuma ya kafa al-Nil, jaridar kullum ta Larabci ta farko a ƙasar. Gidansa ya zama wurin da 'yan boko ke taruwa, yana taimaka wa makarantu da masallatai da ɗalibai. Cikin waɗanda suka samu goyon bayansa akwai Babikir Badri, wanda shi ma tarihinsa abin dubawa ne: tsohon mayaƙin Mahdiyya ne da aka kama a yaƙin Tushki a 1889, amma shi ne ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, wadda zuriyarta ita ce Jami'ar Ahfad da ke nan Umdurman. Mutane biyu da suka fito daga cikin tokar Karari, dukansu suka zaɓi gini.

A rikicin 1924, lokacin da ƙungiyar Farar Tuta ta Ali Abdullatif ta tashi tana neman haɗewa da Masar, Sayyid ya tsaya a ɓangaren gwamnati, kuma a 1926 Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir. Wannan ya ja masa baƙin jini wajen matasa masu kishin ƙasa, suka riƙa kallonsa a matsayin ɗan koren Turawa. Shi kuwa abin da ya fi tsoro shi ne dawowar Masar, domin a idon Ansar Masar ita ce Turkiyyar da mahaifinsa ya kora. Ra'ayinsa shi ne Bature baƙo ne mai tafiya wata rana, amma maƙwabci idan ya shigo ba ya fita. A kan wannan aka kafa jam'iyyar Umma a 1945, mai kiran Sudan ta zama ta 'yan Sudan. Abokan hamayya, Isma'il al-Azhari da jama'arsa, tare da goyon bayan Sayyid Ali al-Mirghani, suna kiran haɗin kan kwarin Nilu. A gaskiya ba son Masar kaɗai ya tura Khatmiyya can ba, har da tsoron kada ɗan Mahdi ya zama sarkin Sudan, domin kakanninsu sun sha wuya a zamanin Khalifa. Ka ga yadda jinin da aka zubar shekara sittin baya ya dawo yana raba ƙuri'a.

A 1946, da aka ji Ingila da Masar sun shirya yarjejeniyar da za ta sa Sudan ƙarƙashin rawanin sarkin Masar, ya tashi ya tafi Landan ya gana da Firayim Minista Attlee ya nuna ƙin amincewarsa. Yarjejeniyar ba ta kai labari ba. Shekara guda bayan haka ya sake gina kubbar mahaifinsa.

Ranar da masu suka sake fitowa

Zaɓen 1953 bai yi masa daɗi ba. Jam'iyyar Azhari ta samu kujeru 51 daga cikin 97, Umma ta tashi da 22. Aka sa ranar 1 ga Maris 1954 don buɗe majalisa, aka gayyato shugaban Masar Janar Muhammad Najib. Dubban Ansar aka kwaso daga karkara zuwa Khartum don su nuna wa baƙon cewa ƙasar ba ta yarda da haɗewa ba. Taron ya ƙwace, aka yi arangama da 'yan sanda kusa da fadar Gwamna Janar, aka kashe gomman mutane daga ɓangarorin biyu, har da Baturen da ke shugabantar 'yan sandan Khartum. Aka ɗage bikin, Najib ya koma gida.

Masu tarihi da yawa suna ganin wannan rana tana cikin abubuwan da suka sa Azhari ya gane cewa haɗewa da Masar yaƙin basasa za ta jawo, har ya juya ya rungumi cikakken 'yanci. Ko da haka ne, ranar ta tona wani abu. Mutumin da ya yi shekara arba'in da biyar yana hana mabiyansa faɗa, bai rushe tsarin da ke iya tara su cikin kwana biyu da makami a hannu ba. Ya ajiye mashin ne a bayan ƙofa, kowa kuma ya san yana nan. Siyasar Sudan ta koyi wannan darasi, kuma ba darasi ne mai kyau ba: cewa wanda ya faɗi a akwatin zaɓe yana iya nuna ƙarfinsa a titi.

A Disamban 1955 shi da Sayyid Ali suka yi ganawar da aka daɗe ana cewa ba za ta yiwu ba. Ranar 19 ga watan majalisa ta ayyana 'yanci, ranar 1 ga Janairun 1956 aka sauke tutocin Ingila da Masar aka ɗaga ta Sudan. Waɗanda suka halarta sun ba da labarin cewa dattijon ya fashe da kuka a wurin. Yaron Shukkaba ya ga fitar waɗanda suka harbe yayyensa, ba tare da ya ja runduna ko sau ɗaya ba.

Ƙarshensa da abin da ya bari

Shekarunsa na ƙarshe ba su rasa tabo ba. Tun Agustan 1955 wuta ta kama a Torit ta kudu, kuma manyan Khartum, har da jam'iyyarsa, ba su ba kukan 'yan kudu muhimmancin da ya kamata ba. A 1957, lokacin da Abdullahi Khalil na Umma yake firayim minista, aka yi dokar jinsiyya da ta ɗaura zama ɗan ƙasa a kan kasancewar mutum ko kakanninsa a Sudan tun ƙarshen 1897. Duba wannan shekarar da kyau. Duk wanda ya iso bayan Burmi, duk alhajin da ya tsaya ya yi noma a Aba ko Jazira a shekarun 1920, ya faɗo a wajen layi. An sassauta dokar daga baya, amma wahalar da 'ya'yan Hausawa da Fulani suka sha wajen neman takardar jinsiyya, da tambayar asali da ake yi musu a ofisoshi, tsofaffinmu ba sa bukatar a tuna musu. Hannun da ya tsinci audugar da ta ɗauki nauyin neman 'yanci, shi aka ce ya kawo shaidar cewa shi ɗan ƙasa ne.

Ranar 17 ga Nuwamban 1958 Abdullahi Khalil ya miƙa mulki ga soja ƙarƙashin Janar Ibrahim Abbud, Sayyid kuma ya fitar da sanarwar goyon baya, duk da cewa ɗansa Siddik bai so ba. Wannan shi ne juyin mulkin farko a ƙasar, kuma mun san sauran da suka biyo. Wata huɗu bayan haka, ranar 24 ga Maris 1959, Allah ya karɓi ransa yana da shekara saba'in da uku. Aka binne shi a cikin kubbar da ya gina.

Abin da ya hana faruwa a rayuwarsa ya faru bayan ransa. A Maris na 1970 gwamnatin Numairi ta yi arangama da Ansar a unguwar Wad Nubawi, ta kuma yi wa Aba ruwan wuta da jiragen sama da igwa. Mutane masu yawan gaske suka mutu, aka kashe ɗansa Imam al-Hadi a hanyarsa ta zuwa iyakar Habasha, aka ƙwace gonakin. A cikin waɗanda suka mutu a tsibirin akwai 'ya'ya da jikokin muhajiran nan da suka zo daga yamma neman albarka. Jikansa Sadik al-Mahdi ya yi firayim minista sau biyu, kuma sau biyun bai gama wa'adinsa ba, na biyun ma soja ne suka kifar da shi a 1989.

To, me za mu ɗauka? Uba da ɗa sun yi amfani da jama'a iri ɗaya, da Ratibi ɗaya, da tsibiri ɗaya. Uban ya ci Khartum cikin shekara huɗu, daularsa ta rushe cikin shekara goma sha uku ta bar yunwa da kaburbura. Ɗan ya yi haƙurin shekara hamsin, ya bar gonaki da jarida da jam'iyya da ƙasa mai tutarta. Ba addinin ne ya canja tsakaninsu ba, abin da shugaba ya nemi mabiya su yi da shi ne ya canja. Amma aikin ɗan ma bai cika ba, domin ya gina komai a kan biyayya ga gida ɗaya, bai mayar da mabiyi mai gonar kansa da ilimin kansa da takardar ƙasarsa a aljihu ba. Jama'ar da ke jiran umarni kawai, duk ranar da umarnin ya canja ko aka rasa mai ba da shi, komawa take yi abincin wuta.

Mu da muka ga abin da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya yi wa Umdurman da unguwanninta, ba ma bukatar a karanta mana Karari a littafi. Idan wani ya zo yana neman 'ya'yanmu da sunan addini ko da sunan ƙabila, muna da haƙƙin mu tambaye shi abin da kakanninmu ba su samu damar tambaya ba: wace makaranta za ka sa su, gonar da za su noma sunan wa za ta ɗauka, kuma idan wuta ta tashi 'ya'yan wa za su tsaya a gaba?

Allah ya jiƙan Sayyid Abdurrahman, ya yafe masa kurakuransa. Allah ya jiƙan bayinsa da suka kwanta a Karari da Burmi da Satiru da Aba, waɗanda ba a rubuta sunayensu ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.